Shin furotin ɗin da ke cikin naman mama zai iya nuna sankara tun kafin ta kama?

Ummu_Hanifa_Samaru:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tambaya ga likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da ke cikin wannan zaure. Idan aka ɗebi ɗan nama daga ƙullutun mama aka kai gwaji, takardar sakamakon takan zo da wasu haruffa, wato ER da PR da HER2, wani lokaci har da Ki-67, kuma bayanin da ake yi mana shi ne waɗannan sunayen furotin ne da ƙwayoyin halittar mama ke samarwa, waɗanda yawansu ke canzawa idan sankara ta fara. To idan haka ne, me ya hana a mayar da wannan gwaji na kowace macen da ta kai shekara 40, a duba furotin ɗin tun tana da lafiya, a gaya mata ko tana kan hanyar kamuwa? Yawancin matanmu ba sa isa asibitin koyarwa na Shika sai ciwo ya riga ya fashe, kuma a ganina da akwai gwajin da ke riga ƙullutu bayyana, da an ceci rayuka masu yawa. Ina neman a fahimtar da ni ko wannan tunani yana da tushe a ilimance.

Dalibin_Likitanci:
Wa alaikumus salam, Malama. Tunaninki yana da tushe, har ma ina ganin ba sai an taɓa nama ba, domin akwai wani furotin mai suna CA 15-3 da ake aunawa a cikin jini, kuma yakan hau a jikin masu sankarar mama. Ɗiban jini ya fi sauƙi, kuma mata ba za su ji tsoronsa ba kamar yadda suke tsoron allurar ɗiban nama.

Likitar_Gwajin_Nama:
Ɗana ɗalibi, ina roƙon kada a bar wannan magana ta CA 15-3 ta yaɗu a haka, domin tana iya cutar da mutane. Mafi yawan matan da sankararsu ke matakin farko, awon wannan furotin a jininsu daidai yake da na mai lafiya, sannan kuma yakan hau a jikin mai ciwon hanta ko mai ƙullutun da ba sankara ba. Ka ga ke nan zai kwantar da hankalin wadda ya kamata ta garzaya asibiti, ya kuma tayar da hankalin wadda ba ta da komai. Inda likitoci ke amfani da shi shi ne wajen bibiyar majinyaciyar da cutar ta riga ta bazu a jikinta, domin a ga ko magani yana aiki.

Malama Ummu Hanifa, ga yadda aikin yake a wurinmu. Naman da aka ɗebo ana jiƙa shi a fomalin, wato ruwan sinadarin da ke hana nama ruɓewa, a daskarar da shi a cikin kaki, a yanka shi siriri ƙwarai, kimanin maikuromita 4, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina, sannan a duba a madubin likita. A wannan mataki ne ake yanke hukuncin ko sankara ce ko ba ita ba ce, ta hanyar kallon siffar ƙwayoyin da yadda suka jeru. Sai bayan haka ake zuwa ga furotin. Ana ɗiga wani sinadari da aka ƙera domin ya manne wa furotin guda ɗaya tak, kuma duk inda ya manne sai wurin ya koma ruwan ƙasa. ER da PR a cibiyar ƙwaya suke bayyana, HER2 kuwa a fatar da ta kewaye ƙwayar. Abin lura shi ne mama mai cikakkiyar lafiya ma yana da ER da PR, domin da su yake karɓar saƙon sinadaran istirojin da furojestaron, waɗanda ke sa shi girma lokacin balaga da shirin shayarwa lokacin ciki. Idan na rina naman mace mai lafiya na ga ER, abin da na gano kawai shi ne mamanta yana aiki yadda Allah ya halicce shi. Ga kuma tambayar da ta fi wannan wuya: a ina za a soka allurar? Abin da allura ke ɗebowa ɗan siririn nama ne da bai wuce santimita 1 zuwa 2 a tsawo ba, kuma idan babu ƙullutu ko wani tabo da hoto ya nuna, to ana iya sokawa a wuri mai lafiya alhali matsalar tana kusa da shi ba a taɓa ta ba.

Malamin_Bayokemistiri:
Likita, bayaninki ya gamsar ta fuskar aikin asibiti, amma ina ganin kin yi saurin rufe ƙofa, domin tambayar Malama tana da gindi a ilimin ƙwayoyin halitta. Sankara ba ta faɗowa dare ɗaya. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin bututun nono sukan fara da yawaita, daga baya siffarsu ta zama baƙuwa, sannan su cika bututun ba tare da sun fasa shi ba, a ƙarshe su fasa su shiga naman da ke kewaye. A kowane mataki tsarin furotin yana sauyawa.

A mama mai lafiya, ƙwayoyin da ke ɗauke da ER tsiraru ne, a warwatse suke nan da can, kuma abin mamaki shi ne su kansu ba kasafai suke rabuwa su hayayyafa ba. Aikinsu shi ne su karɓi saƙon istirojin su miƙa shi ga maƙwabtansu, maƙwabtan su ne ke rabuwa. Amma idan aka kai matakin yawaita mai baƙuwar siffa, sai a tarar kusan duk ƙwayoyin wurin suna ɗauke da ER, kuma a fara ganin ER da Ki-67, furotin ɗin da ke nuna ƙwayar da ke rabuwa, a ƙwaya ɗaya, wato mai karɓar saƙon ita ce kuma ke hayayyafa da kanta. Akwai kuma furotin ɗin CK5/6, wanda a yawaitar da ba ta da hatsari yakan fito a cakuɗe, wasu ƙwayoyi sun rinu wasu ba su rinu ba, amma a mai baƙuwar siffa yakan ɓace. Tun a 1985 masu bincike biyu a Amurka, Dupont da Page, suka bibiyi mata sama da 3,000 da aka ɗebi namansu aka ce ba sankara ba ce, suka nuna cewa waɗanda ke da wannan yawaita mai baƙuwar siffa hatsarin kamuwarsu ya ninka na sauran mata sau 4 zuwa 5. Saboda haka cewa furotin ba ya nuna komai kafin sankara ta kama, ban yarda da shi ba.

Likitar_Gwajin_Nama:
Malam, ban ce ba ya nuna komai ba, kuma CK5/6 da ka ambata muna dogara da shi idan ido ya kasa rarrabewa. Zan ma ƙara maka wani. Kowane bututun nono yana da wani zobe na ƙwayoyi masu matsewa a bayansa, waɗanda ke tura nono waje lokacin shayarwa, kuma suna ɗauke da furotin mai suna p63. Idan muka rina muka ga zoben yana nan, to cutar tana tsare a cikin bututu. Idan zoben ya ɓace, ta fasa ta fita. Wannan bambanci yana sauya maganin da za a ba mace gaba ɗaya. Haka nan rashin furotin ɗin E-cadherin, wanda ke manne ƙwayoyi da juna, shi ke taimaka mana gane nau'in da ke tasowa daga jakunkunan da ke samar da nono.

Sai dai duk waɗannan a naman da aka riga aka ɗebo muke ganinsu, kuma an ɗebo shi ne saboda hannu ya ji wani abu ko hoto ya nuna wani abu. Matan da Dupont da Page suka bibiya ma haka suke. Sannan matakan da ka jero ba tsani ba ne da kowace mace ke hawa, domin mafi yawan masu yawaita mai baƙuwar siffa ba sa kamuwa da sankara har ƙarshen rayuwarsu. Kuma ga wani abin da ke rikita lissafin mai son furotin ya zama ma'aunin tsananin cuta kai tsaye: HER2 mai yawa an fi samunsa a sankarar da ke tsare a cikin bututu fiye da wadda ta fasa. Da yawan furotin yana tafiya daidai da ci gaban cuta, da akasin haka za a gani.

Hajiya_Tsohuwar_Nas:
Ina karanta muhawarar malamai ina ƙaruwa, amma ku yi haƙuri in dawo da ku ƙasa. Malama Ummu Hanifa tana son a soka wa mai lafiya allura, alhali mu a zamanin aikinmu wadda ƙullutu ya kai girman da ba ya ɓoyuwa ma sai an sha fama kafin ta yarda. Maganar da ke bakin mutane ita ce daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya haukace. Abin da ke faruwa a gaskiya shi ne mace takan zo a makare, a ɗebi nama, cutar ta ci gaba da abin da dama take yi, sai dangi su ɗora wa allura laifi. Wani abin kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a yi wa mace tiyata a ƙaramin asibiti, a miƙa wa dangi naman a ce su kai gwaji, su kuwa su ga ai sashen jikin ɗan Adam ne, haƙƙinsa a binne shi, sai su binne. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma sun binne amsar da za ta nuna irin maganin da ya dace da ita. Ya kamata a riƙa bayyana musu tun kafin tiyata cewa gwajin wani ɓangare ne na maganin.

Dan_Lab_Tudun_Wada:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ko an kawo naman ma, ba kowane ne ke ba da amsar gaskiya ba. Furotin abu ne mai lalacewa, kuma daga lokacin da aka yanke nama daga jiki, jini ya daina isa gare shi, ya fara narkewa. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce kada naman ya wuce awa 1 bai shiga fomalin ba, fomalin ɗin ya zama mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 wanda aka daidaita tsaminsa, kuma ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa awa 72. Ruwan fomalin ya kamata ya ninka girman naman kamar sau 10. Idan mama gaba ɗaya aka cire, dole a tsattsaga shi kafin a jiƙa, domin fomalin a hankali yake ratsa nama, kuma kafin ya kai tsakiya inda ƙullutun yake, tsakiyar ta riga ta lalace, ballantana a zafin bazara irin namu.

Yanzu ku auna wannan da naman da ke tasowa daga garuruwan da ke kewaye da mu, a cikin kwalbar da ta yi masa kaɗan, a hannun ɗan uwan majinyaciya wanda sai ya nemi kuɗin mota tukuna. Ruɓaɓɓen zane ba ya kama shuni a marina, haka naman da ya lalace ba ya kama rininmu. Sakamakon zai fito cewa babu ER, babu PR, alhali suna nan tun farko, lalacewa suka yi a hanya.

Baban_Khadija:
Abin da Malam na ɗakin gwaji ya faɗa ya faru a gidana. An cire wa mai ɗakina ƙullutu a wani asibiti mai zaman kansa, aka ba ni shi a cikin ruwan da daga baya aka tabbatar mini ba fomalin ba ne, ruwan gishirin ƙarin ruwa ne. Sakamako ya fito cewa duk furotin ɗin uku, wato ER da PR da HER2, babu. Likitan da ya karɓe mu daga baya bai gamsu ba, domin ya ce siffar ƙwayoyin ba ta yi kama da irin wadda ke rasa su duka ba. Da aka yi babbar tiyata aka kula da naman yadda ya kamata, sai ER ya fito sosai, aka ɗora ta a kan ƙwayar magani da take sha kullum. Ina ba duk wanda aka miƙa wa irin wannan kwalba shawara ya tambaya ƙarara mene ne ruwan da ke ciki, kuma ya sa a rubuta lokacin da aka saka naman.

Mai_Nazari_Gyallesu:
Allah ya ƙara mata lafiya, Baban Khadija. To wannan ya jefa ni cikin shakka game da wata magana da ake yawan maimaitawa, cewa sankarar matan Afirka ta Yamma mafi yawanta irin mai rasa furotin uku ce, wadda ta fi saurin yaɗuwa kuma take kama mata da ƙuruciya. Shin gaskiya ce ta halitta, ko kuwa lalacewar nama ce muka mayar da ita ilimi?

Malamin_Bayokemistiri:
Tambayarka ta raba kan masana da kansu. A 2009 an wallafa wani bincike a kan naman mata kimanin 500 daga Najeriya da Senegal, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, inda aka samu ER a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kacal. Amma shekara guda kafin nan, a 2008, wani bincike daga Ibadan ya samu ER a kusan kashi biyu cikin uku, wanda ya yi kusa da abin da ake gani a Turai. Yanki ɗaya, amsa biyu masu nisa da juna. A 2014 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a faɗin Afirka, suka lura cewa inda aka ɗebi nama da niyyar bincike aka kula da shi tun daga farko, an fi samun ER fiye da inda aka koma kan tsofaffin ajiya. Ni dai ra'ayina shi ne bambancin halitta yana nan, domin ko a Amurka, inda kula da nama iri ɗaya ne ga kowa, baƙaƙen mata sun fi farare samun nau'in mai rasa ukun. Sai dai lalacewar nama ta kambama girman bambancin a wurinmu.

Likitar_Gwajin_Nama:
A nan ina tare da Malam. Zan ƙara da cewa akwai hanyar da muke kama irin wannan kuskure. A gefen ƙullutu sau da yawa akan samu bututun nono masu lafiya a kan gilashi ɗaya, kuma kamar yadda na faɗa tun farko, masu lafiya suna da ER. Idan su ma ba su rinu ba, to ba na rubuta cewa babu ER, sai in rubuta cewa gwajin bai inganta ba, a sake. Ka ga furotin ɗin nama mai lafiya yana da amfani a wurinmu, Malama Ummu Hanifa, sai dai amfanin shaida ne a kan ingancin gwajin.

Mai_Harhada_Magani_Sabon_Gari:
Bari in faɗi dalilin da ya sa waɗannan haruffa suke da nauyi a wurin mu masu ba da magani. Tun a 1896 wani likitan tiyata a Glasgow mai suna George Beatson ya lura cewa cire ƙwan mace yana sa sankarar mama ta ja baya a wasu mata, amma ba a san me ya sa wasu ke amfana wasu ba sa amfana ba, sai da Elwood Jensen ya gano ER a 1958. Maganin tamoxifen yana zama ne a kan ER ya hana istirojin isa gare shi, ana shan sa shekara 5 zuwa 10, kuma ga mai ER yana rage dawowar cutar da kusan rabi a shekarun shan sa. Ko kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ne suka rinu, ana lissafa mace cikin masu ER. Ga wadda ba ta da ER kuwa ba ya tsinana komai, sai dai ya bar ta da illolinsa, irin su daskarewar jini a jijiya da kaurin bangon mahaifa. Shi ya sa nake damuwa idan aka zo da takarda a ce a ba da shi alhali ba a yi gwajin ba. Matan da suka daina al'ada kuma akwai letrozole da anastrozole, waɗanda ke hana jiki samar da istirojin.

HER2 labarinsa daban ne. A 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa suka nuna cewa sankarar da ke da shi da yawa ta fi tsanani, kuma a 1998 aka amince da allurar trastuzumab a Amurka. Kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu cutar ne ke da shi. Sakamakonsa yana zuwa da lamba 0 ko 1+ ko 2+ ko 3+. Mai 3+ ta cancanci allurar, mai 2+ kuwa sai an ƙara wani gwaji da ke ƙirga ƙwayar gadon da ke samar da HER2. Allurar tana da tsada ƙwarai, akan yi shekara guda ana yin ta, kuma tana iya raunana zuciya, don haka ake duba zuciya kafin a fara da kuma lokacin da ake yi. Iyalin da za su sayar da gona saboda ita sun cancanci sakamakon da babu shakka a cikinsa.

Anti_Rabi_Kofar_Doka:
Ni ina cikin waɗanda Allah ya jarraba da wannan ciwo kuma ya ba su sauƙi. Lokacin da aka ce mini ina da ER sai gabana ya faɗi, na ɗauka ƙarin wata cuta ce, sai da likita ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa wannan yana nufin akwai ƙwayar maganin da za ta yi aiki a jikina. Abin da nake roƙon likitocinmu shi ne su riƙa fassara wa mace takardarta da Hausa, a gaban mijinta ko 'yar uwarta, domin wadda ta fahimci dalilin shan magani ba za ta ajiye shi ba don ta ga ciwo ya warke a ido. Na san waɗanda suka daina sha saboda zafin jiki da gumin dare da yake kawowa, ba tare da sun koma sun faɗa wa likita ba.

Dalibin_Likitanci:
Likita, ina neman ƙarin haske a kan Ki-67, tunda Malam ya ce yana nuna ƙwayoyin da ke rabuwa. Me ya sa wasu takardun ba sa ɗauke da shi?

Likitar_Gwajin_Nama:
An gano shi a 1983 a birnin Kiel na Jamus, kuma gaskiya ne yana bayyana a ƙwayar da ke cikin rabuwa, ya ɓace a wadda ke hutawa. Matsalarsa ita ce ƙirga. Likitoci biyu za su iya duba gilashi ɗaya su ba da lamba daban, gwargwadon wurin da kowannensu ya zaɓa ya ƙirga. Shi ya sa masana suka fi amincewa da shi idan ya yi ƙasa sosai, kashi 5 ko ƙasa da haka, ko ya yi sama sosai, kashi 30 ko fiye. Abin da ke tsakani ba a gina babban hukunci a kansa shi kaɗai. Inda kuɗi ya yi kaɗan, ER da PR da HER2 ake fifitawa.

Ummu_Hanifa_Samaru:
Na gode ƙwarai da wannan ilimi. Amma har yanzu tambayata ta farko tana nan ta wata fuska. Macen da mahaifiyarta da yayarta suka yi wannan ciwo, ita kuma ba ta jin komai a jikinta, shin babu abin da za a auna mata sai ta zauna jiran ƙullutu?

Malamin_Bayokemistiri:
Akwai, Malama, sai dai ba rinin furotin ba ne, gwajin ƙwayar gado ne da ake yi da jini ko yawu. An gano ƙwayar gado mai suna BRCA1 a 1994, BRCA2 kuma a 1995, kuma furotin ɗin da suke samarwa aikinsa gyara ɓarnar da ke samun kundin gado a cikin ƙwaya. Wadda ta gaji lalatacce daga uwa ko daga uba hatsarinta yana da yawa sosai, kuma sankarar masu lalataccen BRCA1 ta fi zuwa a nau'in mai rasa furotin uku. A lura cewa ta wajen uba ma ana gado, kuma maza ma suna kamuwa, kodayake ba su wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Duk da haka, gado yana bayyana kashi 5 zuwa 10 ne kawai na masu sankarar mama. Ni ban fid da rai ba cewa wata rana tarin furotin da ake aunawa tare a jini ko a ruwan kan nono zai yi abin da kike fata, domin ana ta bincike a kai, amma har yau babu wanda aka amince ya maye gurbin hoto.

Hajiya_Tsohuwar_Nas:
'Yata Ummu Hanifa, irin wannan mace ba jira za ta yi ba. Ta je ta faɗa wa likita tarihin gidansu, domin akan fara duba irinta da wuri fiye da sauran mata, da hannu da hoton mamogiram, ko da na'urar sikanin idan tana da ƙuruciya. Ta kuma san jikinta, ta lura da ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta canza. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wani shiri a kan wannan cuta, kuma burinta shi ne a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ita a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 su gama maganinsu. A ƙiyasin 2020, mata sama da 28,000 ne suka kamu a Najeriya a shekara ɗaya, kusan rabin wannan adadi kuma suka rasu. Kwana 60 ɗin nan ne ya fi damuna, domin a cikinsa ne ɗiban nama da jiran sakamakon furotin suke.

Mai_Nazari_Gyallesu:
Ni dai ina ganin Malamin Bayokemistiri da Likita ba su daidaita ba har yanzu a kan ko sauyin furotin sanadi ne ko alama ce kawai. Amma ina da tambaya ta aiki. Wadda aka yi wa tiyata shekarun baya ba a yi mata gwajin furotin ba, shin dama ta wuce ke nan?

Dan_Lab_Tudun_Wada:
Ba lallai ta wuce ba. Naman da aka daskarar a cikin kaki yana ɗaukar shekaru a ajiye, kuma ana iya yanko sabon yanki daga gare shi a rina, muddin an kula da shi da kyau tun ranar tiyata. Ta koma ɗakin gwajin da ya ba ta sakamakon farko da lambar da ke kan takardarta, ta nemi a duba mata ko kakin yana nan, har ana iya ba ta shi ta kai wani ɗakin gwajin idan su ba sa yin rinin. Amma idan cutar ce ta dawo a wani wuri, likitoci sun fi son a ɗebi sabon nama, domin ER ko HER2 na iya sauyawa tsakanin ciwon farko da wanda ya dawo.

Malamin_Bayokemistiri:
Malam Mai Nazari, a HER2 dai ina da ƙarfin gwiwar cewa sanadi ne, tunda toshe shi yana tsayar da cutar. A Ki-67 kuwa alama ce kawai ta cewa ƙwaya na rabuwa. Inda nake son jin ta bakin Likita shi ne p53, wanda lalataccensa ke taruwa a cibiyar ƙwaya har rini ya kama shi, domin ana samun haka tun cutar tana tsare a cikin bututu, musamman a nau'in mai mummunar siffa. Likita, kuna rina shi a naman mama a aikinku na yau da kullum, ko kuwa a bincike ya tsaya?